Wa Ya Tsaya Maka? Tarihin Neman Karatu a Ƙasashen Waje

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana cika fom ɗin neman shiga jami'a a wata ƙasa, zai lura cewa tambayoyin da ke ciki suna da yawa, amma guda ɗaya ce ke riƙe da sauran. Za a tambayi suna da ranar haihuwa, da sakamakon jarrabawa, da sunayen malamai biyu da za su ba da shaida a kansa. Yaro zai yi ta cikawa da karsashinsa, har ya iso wurin da jiki ke yin sanyi, inda aka ce ya faɗi wanda zai ɗauki nauyin karatun, ya kuma haɗo da takardar banki mai tabbatar da haka. Da Hausa tsagwaronta, abin da ake tambaya shi ne: wa ya tsaya maka? Wannan tambaya ta girme wa fom, ta girme wa fasfo da biza. Kakanninmu sun amsa ta a ƙofar masallacin Azhar, iyayenmu sun amsa ta a ofishin ilmi na Kaduna, ga shi yau 'ya'yanmu suna amsa ta a gaban kwamfuta. Abin da muke so mu bi diddiginsa tare da mai karatu shi ne yadda amsar ta yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani.

Mu fara daga nesa. Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya ambaci wata makaranta ta mazhabar Malikiyya a tsohon birnin Alƙahira mai suna Madrasatu Ibn Rashiƙ, wadda mahajjatan Kanem suka ba da dukiyar gina ta tsakanin 1242 da 1252, suka kuma ci gaba da aika mata da kuɗi. Watau tun fiye da shekaru 750 da suka wuce, mutanen bakin tafkin Cadi sun gane cewa ɗalibi a baƙuwar ƙasa yana bukatar masauki kafin littafi. A cikin Azhar kanta, wadda aka gina tsakanin 970 da 972, an raba ɗalibai baƙi zuwa sassa da ake kira ruwaƙai, kowane da mutanen yankin da ya ƙunsa, kuma a cikinsu akwai na Barnawa. Kowane ruwaƙi yana da shehinsa, da kundin sunaye, da waƙafin da ake saye wa ɗalibai gurasa da shi. Baƙo ba ya aiko da takarda tun yana gida ya zauna jiran amsa. Da ƙafarsa yake zuwa, ko ta hanyar Fezzan tare da ayarin raƙuma, ko ta gabas ya ratsa Wadai da Darfur, ya gabatar da kansa ga mutanen ƙasarsu, su ji karatunsa, su ji wurin wa ya yi shi. In sun yarda da shi sai sunansa ya shiga kundi, gurasarsa ta fara fita.

Akwai wani labari da kusan kowane almajiri a ƙasar Hausa ya sani, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kawo a cikin Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da na yayansa. Shehu Usmanu yana saurayi ya zauna wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru yana karatu, ya bi shi har Agadas. Da Malam Jibrilu ya tashi wucewa aikin hajji, sai ya mai da Shehu gida, saboda bai nemo izinin mahaifinsa na yin wannan doguwar tafiya ba. Idan mun ce wannan ita ce takardar neman tafiya karatu da aka ƙi amincewa da ita mafi shahara a tarihinmu, ba mu yi ƙari ba, kuma dalilin ƙin bai shafi ƙwazo ko guzuri ba. Uba bai ce a tafi ba, shi ke nan. Shi kuwa Malam Jibrilu, a Alƙahira ya sadu da Murtala az-Zabidi, mai babban ƙamus ɗin nan Tajul Arusi, ya karɓi ijaza a hannunsa, daga baya ya miƙa ta ga almajiransa a nan gida. Ijaza kuwa jerin sunayen mutane ce: wane ya karanta wurin wane, shi kuma wurin wane, har a tuƙe ga mai littafi. Satifiket ɗin wancan zamani ba ya ɗauke da tambarin wata hukuma. Darajarsa tana ga darajar mutanen da aka jero a ciki, kuma kowannensu ya sa mutuncinsa jingina ne a kan wanda ya ba.

Kafin Malam Jibrilu, wani Bakatsine ya riga ya bi wannan hanya. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi ya yi karatunsa a nan ƙasashenmu, ya tafi hajji wajen 1730, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan hisabi da taurari da tsarin hatimai, ciki har da Bahjatul Afaƙi da Durrul Manzumi. Abin lura a gare mu shi ne inda ya sauka a Alƙahira. Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, shi ya ba shi masauki, a gidansa ya rasu a 1741, a hannunsa kuma ya bar littattafansa. Su kansu gidan Jabarti asalinsu baƙi ne daga gabashin Afirka, kuma su ke shugabancin ruwaƙin mutanen yankinsu a Azhar. Jikan baƙi ne ya tsaya wa baƙo.

To, kada daɗin labari ya ɗebe mu. Hanyar nan ta cinye mutane masu yawa, wasu ƙishirwa, wasu 'yan fashi, wasu aka kama aka sayar. Mai tafiya yakan yi shekaru yana yada zango, ya yi noma ko ɗinki ko rubutun allo ya tara guzuri, sannan ya ƙara gaba, kuma da yawa daga cikin Hausawan Sudan na yau jikokin waɗanda tafiyar ta tsaya musu a tsakiya ne. Mace kuwa sai dai in ta bi miji ko uba. Amma duk da haka ƙofar ba ta da mai gadi guda ɗaya wanda in ya ce a'a magana ta ƙare.

Zuwan Turawa a 1903 shi ya kawo mai gadin. Bayan yaƙin Burmi a wannan shekara, da tawayen Satiru a 1906, babu abin da Turawan mulki suke tsoro irin Mahdiyanci da duk wata iska mai busowa daga gabas. Saboda haka suka sa ido ƙwarai a kan masu zuwa Masar, suka gwammace su kawo malamai nan da su bar ɗalibai su je can. Da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, daga Sudan aka ɗauko malamanta, ƙasar da ke ƙarƙashin ikon Ingila, aka kauce wa Azhar. Ƙofar yamma ma ba a buɗe take ba. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, an kafa ta ne domin ta horar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, ba a yi ta don share wa kowa hanyar jami'a ba.

A nan ya kamata mu leƙa Kudu don mu ga bambanci. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904, ya kuma tashi da Hausa a bakinsa, da kansa ya riƙa rubuta wasiƙu zuwa Amurka yana neman makarantar da za ta karɓe shi. Ya taɓa ɓuya a jirgin ruwa a 1924, tafiyar ta ƙare masa a Sekondi ta ƙasar Gana ta yau. A 1925 mahaifinsa, wanda akawu ne, ya damƙa masa fam 300 daga abin da ya tara, ya tafi Kwalejin Storer, daga nan Howard, daga nan Lincoln, yana wanke-wanke da aikin ƙarfi don ya ci da kansa. Irin wannan tafiya ta mai neman kansa da kansa, da kuɗin uba ko na ƙungiyar 'yan gari, ta yawaita a Kudu tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. A Arewa kuwa, Dakta R. A. B. Dikko na Wusasa, likitan farko daga wannan yanki, ta hannun mishan ya bi ya shiga King's College ta Ikko, ya wuce Jami'ar Birmingham. Masana tarihi kan ambata cewa a 1951, cikin mutum fiye da miliyan 16 na Jihar Arewa, shi kaɗai ne mai cikakken digirin jami'a.

Sai a 1945, da yaƙi ya ƙare, Ingila ta kuma ware kuɗin raya ƙasashen da take mulka, aka tura malaman makaranta huɗu daga Arewa zuwa Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, da Malam Yahaya Gusau, da Malam Bello Kano, da Malam Abdurrahman Mora. A 1946 rukuni na biyu ya bi, cikinsu har da Malam Aminu Kano. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, waɗannan bayin Allah zaɓo su aka yi. Rahoton Baturen makaranta, da ra'ayin Razdan, da abin da ke rubuce a fayil ɗin mutum wanda shi bai taɓa gani ba, su ne suka tsaya a matsayin fom da shaidar malamai gaba ɗaya. Gwamnati ce ta nemi gurbin, ita ta biya jirgi, ita ta tanadi masauki, ta kuma sa jami'in da zai riƙa lura da su a can. Ribar wannan tsari ita ce ba a tambayi kowa dukiyar ubansa ba. Illarsa kuwa, mai zaɓe yana zaɓen wanda yake zaton zai dawo ya yi masa biyayya. Zaton dai ba kullum yake cika ba, domin a Landan ne Malam Aminu ya cuɗanya da 'yan siyasar jam'iyyar Leba da 'yan gwagwarmayar ƙasashen da ake mulka, a can ya fara haɗa kan malaman makarantun Arewa, ya dawo da abin da ba shi aka aike shi ɗaukowa ba.

Labarin Malam Abubakar Mahmud Gumi ya ƙara fito da hoton. Shi da abokansa masu karatun Larabci Masar suka so zuwa, amma a lokacin Jamal Abdul Nasir da sojojinsa sun hamɓarar da sarauta tun 1952, Turawa kuma ba su da niyyar tura samarin Arewa cikin wannan guguwa. Sai aka karkata da su zuwa Cibiyar Horar da Malamai ta Bakhtur Ruda, kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, a 1954, tare da irin su Malam Halliru Binji da Malam Shehu Galadanci. Ɗalibi ya ce gabas, hukuma ta ce to, amma ga iyakar gabas ɗin. Wani abin mamaki, daga Sudan ɗin ne Malam Gumi ya tafi hajjin 1955, inda ya haɗu da Sardauna, haɗuwar da ta sauya rayuwarsa da ta Arewa.

'Yan'uwanmu na ƙasar Nijar nasu mai gadin ya sha bamban. Faransa ta fi yarda da gasar jarrabawa. Yaron da ya yi zarra a Damagaram ko Maraɗi sai ya wuce Yamai, in ya sake yin zarra ya tafi Makarantar William Ponty a Senegal, inda ake tara zaɓaɓɓu daga duk yammacin Afirka na Faransa, bisa sharaɗin zai yi wa gwamnati aikin shekara goma. Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary duk ta nan suka bi. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya wuce har Paris, ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyyar fizik a 1956, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin hasken rana. Sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi tun 1992.

Da 'yancin kai ya zo a 1960, sai ga abin da ba a taɓa gani ba: ɗalibin Afirka ya zama abin nema. Yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Rasha ya sa kowane ɓangare yana son ya horar da shugabannin gobe. A watan Fabrairun 1960 Mosko ta kafa Jami'ar Abota Tsakanin Al'ummomi, wadda aka sa wa sunan Patrice Lumumba a 1961, kuma a shekarar farko takardun neman shiga fiye da 40,000 suka iso, aka ɗauki baƙi 539. A wannan shekarar wasu jami'o'in Amurka suka ɗauki 'yan Nijeriya 24, shirin da ya faɗaɗa ya zama ASPAU, inda jami'a ke yafe kuɗin karatu, gwamnatin Amurka ta ciyar, gwamnatin ƙasar ɗalibi ta biya jirgi. Guraben ƙasashen Kwamanwel sun fara a 1960. Masar ta gina wa baƙin ɗaliban Azhar unguwa sukutum, Saudiyya ta buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961. A nan gida gwamnatin Sardauna, da manufarta ta cike ofisoshi da 'yan Arewa, ta riƙa bin makarantun sakandare tana neman waɗanda za ta tura, har ana cewa guraben sun fi masu cancanta yawa. A ra'ayinmu, ba a taɓa yin zamanin da ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa ya sami hanya irin wannan ba. Yaron da ubansa bai taɓa shiga banki ba yana iya samun kansa a Landan ko Alƙahira da alawus a aljihu. Amma mu faɗi gaskiya, rabon ya tsaya ne ga 'yan ƙalilan ɗin da suka kai sakandare, 'yan mata kuwa a cikinsu ana iya ƙirga su da yatsu.

A daidai lokacin da ake wannan rabo, can a ƙasashen da ake zuwa ana ta ƙera injin da zai maye gurbin shaidar mutum. Ingila ta kafa ofishi guda na karɓar takardun masu neman jami'a a 1961, wanda ya zama UCAS a 1993. A 1964 aka fara jarrabawar Ingilishi ta TOEFL a Amurka, IELTS kuma ta zo a 1989. Waɗannan ba su tayar wa kowa da hankali ba a lokacin. Abin da ya sauya komai shi ne kuɗi. A 1967 gwamnatin Ingila ta fara bambanta baƙo da ɗan gida: baƙo fam 250 a shekara, ɗan gida fam 70. Sannan a 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta janye tallafi gaba ɗaya, ta ce baƙo ya biya cikakken abin da karatunsa ke ci, aƙalla fam 2,000 ga fannin adabi da zamantakewa, fam 3,000 ga kimiyya, fam 5,000 ga likitanci. Daga wannan rana baƙon ɗalibi ya tashi daga matsayin wanda ake taimaka wa ya koma mai sayen kaya, jami'o'i kuma suka gano cewa kuɗinsa ne zai toshe musu giɓi.

Mu a Nijeriya ba mu ji zafin abin nan da nan ba, saboda kuɗin man fetur ya rufe mana ido. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta kwashi dubban samari zuwa Amurka da Kanada da ƙasashen Turai, gabas da yamma, don koyon aikin fasaha cikin gaggawa. A 1980 dala ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba. A farkon shekarun 1980 'yan Nijeriya kimanin 20,000 ke karatu a Amurka. Sai farashin mai ya faɗi, kuɗin waje ya yi wuya, takardun aika kuɗi suka riƙa kwana a Babban Banki wata da watanni. Ɗaliban da gwamnatocin jihohi suka tura suka koma tuƙin tasi da gadi, bashin kuɗin makaranta ya taru, har jami'o'i da dama a Amurka suka ce ba za su ƙara ba ɗan Nijeriya takardar gurbi ba sai ya ajiye kuɗin shekara guda tukuna. Da tsarin SAP ya zo a 1986, dala ta haura naira 4 cikin ɗan lokaci. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 adadin nan na 20,000 ya dawo kimanin 2,000. A wannan tsakani ne kalmar gwamnatinmu ta daina zama shaida a idon jami'o'in waje, kuma har yau ba ta gama farfaɗowa ba.

Da malami ya fita daga tsakani, gwamnati ma ta ja baya, sai banki ya shigo. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 Amurka ta kafa tsarin SEVIS a 2003, mai bin sawun kowane baƙon ɗalibi daga ranar da aka ba shi gurbi. Ingila ta kawo tsarin maki a 2009, inda sai jami'a ta ba ɗalibi lambar shaida, ya kuma nuna cewa kuɗin makaranta da na ci da sha sun kwana 28 a jere cikin asusu kafin a dubi maganar biza. Kowa ya san abin da wannan doka ta haifar a garuruwanmu: masu ba da hayar kuɗi, waɗanda za su zuba wa yaro miliyoyi a asusu na wata guda, su karɓi ladansu, su kwashe abinsu. Takarda ta nuna akwai mai tsaya masa, alhali in ya sauka filin jirgi ba shi da kowa sai Allah.

Akwai wani ɓangare na wannan sabon tsari da ya shafe mu kai tsaye, mu masu riƙe da alƙalami. Yawancin jami'o'i suna so ɗalibi ya rubuta bayanin kansa, ya faɗi ko shi wane ne da dalilin da ya sa yake son wannan fanni. A tsarin UCAS iyakarsa haruffa 4,000. A duk tarihin da muka zayyano, wannan ne karo na farko da aka ce wa ɗalibi ya yi wa kansa shaida da bakinsa, abin da tarbiyyarmu ta kunya ba ta saba da shi ba, domin mu an koya mana yabon kai jahilci. Sai ejan-ejan suka shiga wannan giɓi, suna sayar da rubutu iri ɗaya ga yara ɗari, kowanne ya ce tun yana ƙarami yake mafarkin ceto al'ummarsa. Masu tantancewa a can sun karanta irinsa har sun gaji. Mun sha ganin yaron da ya taso yana taya mahaifiyarsa lissafin adashi, ko wanda ya haddace Alƙur'ani kafin ya shiga firamare, ya ɓoye wannan don yana ganin ba abin faɗa wa Bature ba ne, ya sayi na ejan, alhali nasa na gaskiya shi ne abin da ba wanda zai iya kwaikwaya.

An yi yunƙurin dawo da zamanin da hukuma ke tsaya wa ɗalibi. Wanda ya fi shahara a Arewa shi ne na gwamnatin Kano a 2012, lokacin Rabi'u Musa Kwankwaso, da ta tura rukunin farko na mutum 501 yin digiri na biyu a ƙasashe daban-daban, wasu rukunan suka biyo baya. Yara da yawa 'ya'yan talakawa sun amfana, kuma ga su nan suna koyarwa a jami'o'inmu. To amma karatu shekaru yake ɗauka, gwamnati kuwa tana da wa'adi. Da mulki ya sauya hannu a 2015, maganar bashin wasu makarantu ta zama abin jayayya, har wasu ɗalibai suka gama karatu aka riƙe musu takardun shaida shekara da shekaru. Gwamnatin Tarayya ma, bayan ɗalibanta da ke Rasha da Maroko da sauran wurare sun daɗe suna kukan rashin alawus, ta sanar a 2025 cewa ta daina tura sababbi a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar guraben karatu.

Wanda ya dogara da aljihunsa ma bai tsira ba. Da Ingila ta ba masu gama karatu damar zama su yi aiki a 2021, 'yan Nijeriya a jami'o'inta suka tashi daga 44,195 a zangon 2021/22 zuwa 72,355 a zangon da ya biyo. Mutane suka sayar da filaye da motoci. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024, kuɗin da iyali suka tara na shekara biyu ya koma bai isa na wata takwas ba. A watan Janairun 2024 kuma Ingila ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali. A Nijar, bayan juyin mulkin Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza, ɗaliban da suka riga suka sami gurbi suka wayi gari ba hanya. Masu neman sauƙi suka karkata Kwatano, har wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa a ƙarshen 2023 yadda ya sayi digiri a can cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a watan Janairun 2024, masu gaskiya da masu ƙarya suka shiga tasku tare.

Sudan ce ta daɗe tana zama mafakar mai ƙaramin ƙarfi daga Arewa. Kuɗinta da sauƙi, addini ɗaya, ga dangi da aka tarar a can tun zamanin masu tafiya hajji a ƙasa, shi ya sa iyaye suka fi sakin jiki su tura 'ya'ya mata karatun likita. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin soja da dakarun RSF. Dubban ɗalibanmu suka taru a harabar Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa suna jiran motocin da gwamnati ta yi haya. Motocin farko suka tashi ranar 26 ga wata, suka nufi arewa cikin hamada zuwa iyakar Masar, ƙasar da al-Kashinawi da Malam Jibrilu suka shiga ba tare da an nemi wata takarda a hannunsu ba. A bakin iyakar aka tsayar da su kwana da kwanaki a fili, ga rana ga ƙarancin ruwa, kowanne da fasfo ɗinsa da katin makarantarsa a hannu, jami'an Masar suka ce ba su isa ba. Ba a buɗe musu ba sai da Shugaba Buhari ya yi magana da Shugaba Sisi, aka kuma yi alkawarin cewa daga iyaka filin jirgin Aswan za su wuce kai tsaye. Rukunin farko ya sauka Abuja daren 3 ga Mayu.